Hawan jini: ta wajen uwa ake gadonsa ko ta wajen uba?

Wannan tambayar ce ta jawo doguwar muhawara a wani zama da 'yan'uwa suka yi a Agege. Ga abin da aka tsayar.

Gadon ta ɓangare biyu yake zuwa, domin ƙwayoyin halitta masu yawa ne ke haɗuwa daga uwa da uba. Masana na ƙiyasta cewa gado ke ɗauke da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin hawan jini tsakanin mutane. Idan iyaye duka biyun suna da shi, musamman tun kafin su kai shekara 55, haɗarin ya fi tsanani.

An fi daɗewa a kan maganar uwa, kuma da dalili. Jaririn da mahaifiyarsa ta yi fama da hawan jini lokacin goyon ciki, ko aka haife shi da ƙarancin nauyi, ya fi kusa da kamuwa idan ya girma. Shi ya sa aka jaddada zuwa awon ciki. Wata hajiya ta ƙara da cewa a tukunyar gida yaro ke sabawa da gishiri, dunƙule uku a miya, ga kanwa a wake. A ganina ta faɗi gaskiya, wannan ma gado ne, kuma shi ana iya gyara shi.

An shawarci kowa ya binciki tarihin dangin uwa da na uba, ya gaya wa likita. A riƙa gwaji ko babu ciwon kai. Awon da ke yawan kaiwa 140/90 na buƙatar asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.