Musayar waƙa: God of War na 2018, gatari a madadin sarƙa

Baban Fati:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau wasan bidiyo na God of War na 2018 za mu taɓa, wanda kamfanin Santa Monica ya yi wa na'urar PS4. Amsa da baiti kawai, kowa ya riƙe amsa-amonsa.

Kratos ya bar Girka, ya faɗa sanyin Midgard,
Shi da ɗansa Atreus, da tokar matarsa, doguwar tafiya.
Da can kyamara na nesa, fili duk a idonka,
Yanzu ta manne kafaɗa, ba ka ganin na baya.
An cire tsalle, X ta koma ta kaucewa,
Danna ɗaya ka goce, biyu ka mirgina a hanya.
Maɓallan duka, bokis, bokis, alwatika da muka haddace,
Sun koma R1 da R2, dole yatsa ya koya.
To ku faɗa min, gyara aka yi ko ɓarna,
Ko suna ne ya rage, an sauya sauran kaya?

Ɗan Gargajiya:
Yaya, kyamarar nan ita ce damuwa,
A God of War na uku kana hango maƙiya goma suna tahowa,
Sarƙa, tsohon makamin Kratos, ta yi da'ira, duk suna zubewa,
Yanzu uku sun kewaye ka, biyu suna ɓacewa.

Sai 'yar kibiya a gefenka ke yin nuni,
Ja, sara na zuwa, shunayya kuwa harbi ne,
Ka danna ƙasa ka juya, ka rasa wanda ka raunana.

Ga ƙaton nan mai ginshiƙin dutse a kafaɗa,
An sauya masa launi, an sake turo shi faɗa,
Kisansa iri ɗaya, har ido ya gaji da maimaitawa.
Ina Poseidon, ina Cronos mai girman tsauni?
Wannan ai ragi ne, ba na kiransa cigaba.

Hajara Zariya:
Ƙanena, gatarin nan ba ka ba shi haƙƙinsa ba,
Sara kake ta yi, ba ka koyi jifansa ba.
Riƙe L2 ka saita, R1 a ƙafa, ya kife,
R2 kuwa daskarewa, ba zai motsa ba.
Bar gatarin a jikinsa, ka koma kan na biyu,
Dunƙulen hannu na cika ma'aunin jiri, ba kamar sara ba.
In ya cika danna R3, aiki ya ƙare,
Sannan alwatika, gatari ba zai ƙi kira ba.
Tsaya yadda maƙiyi ke tsakaninka da shi,
A dawowa zai sare shi, bai ko gani ba.
Zoben rawaya, L1 daidai saukar duka,
Zoben ja, kauce, garkuwa ba za ta riƙe ba.
Mayyar nan Revenant mai ɓacewa in ka kai sara,
Bokis, Atreus ya harbe ta, in ba haka ba za ta tsaya ba.
Mai danna maɓalli barkatai shi ke shan kashi,
Laifin yatsa ne, ban ga na kyamara ba.

Malam Sani Mai Gem:
Hajara kin yi daidai, amma ɗan'uwa na da gaskiya,
Akwai inda lissafi ke rinjayar gwaninta gaba ɗaya.
In ma'aunin ran maƙiyi ya fito shunayya,
Matakinsa ya fi naka, duka ɗaya ko biyu ka sha ƙasa, koma baya.
Je wurin Brok ko Sindri, maƙeran hanya,
Sulken ƙirji, na hannu, na ƙugu, su ke ɗaga matsayi, ba zuciya.
Frozen Flame ke ƙara wa gatari ƙarfi,
Akwatin Nornir alama uku gare shi, nemo su a kewaya.
Tuffa tara ne a akwatunan, kowane uku rai ya ƙaru,
Wanda ya tsallake su zai gane a gaban Valkyrie, ba dariya.
Mayaƙan mata ne su takwas, sannan Sigrun sarauniya.
A Helheim ƙanƙara ba ta cin 'yan ƙanƙara,
Shi ya sa sarƙar wuta ta dawo a tsakiya.
Give Me God of War kuma, matakin wahala mafi tsanani, ban ba sabon hannu shawara ba,
In ka zaɓa ba ragewa, sai sabon farawa tun ɗaya.

Ɗan Gargajiya:
Anti Hajara, jifan gatari na sallama,
Ƙarar dawowarsa a tafi ta isa a yi magana.
Amma Malam ya ƙarfafa ni da batun sulke,
Da jan haske muke tarawa mu zuba wa makami, an gama,
Yanzu rabin dare na tafiya a duba lambobi.

Baban Fati:
Wanda R1 ta hana shi sakat, ya shiga saiti,
Akwai tsohon tsari, duka ya koma bokis da alwatika.
Kyamara dai tana nan, ba ta da magani,
Ja da baya ka tara su gabanka, kada ka tsaya tsaka.
Malam, Sigrun da wane sulke ake shiga,
Na Niflheim mai mai da rai, ko na Muspelheim ka ɗauka?