Barkwanci ko kyau, wanne ya fi kama zuciya?

Maman Ilham: Ni dai ina nan kan bakana, saurayin da zai zo zance ya sa ki dariya har ki manta sauro na cizonki ya fi kyakkyawan da zai zo ya zauna ƙiƙam, sai "ya gida" da "ya su Mama". Kyau ana sabawa da shi, raha kuwa kullum sabuwa ce.

Abba: Haba Maman Ilham, wace yarinya ce za ta tsaya jin barkwancinka in tun daga soro fuskarka ba ta yi mata ba? Sai ido ya karɓa tukuna. Ai Annabi (SAW) da kansa ya ce wa Mugira ɗan Shu'uba ya je ya ga wadda zai aura.

Malam Sani: Kowa da gaskiyarsa. A 1989 David Buss, masanin halayyar ɗan Adam, ya fitar da binciken da aka yi kan zaɓen abokin aure a al'ummomi 37, mutum sama da 10,000 har da 'yan Najeriya, maza sun fi mata damuwa da kyau, mata sun fi duba ko namiji zai iya riƙe gida, amma dukkansu kirki da kaifin hankali suka sa a sahun gaba.

Anti Rabi: Malam ka bar wani gefen. Akwai binciken da wani masani mai suna Bressler da abokan aikinsa suka yi a 2006, mata na son namiji mai ba da dariya, maza kuma wadda za ta yi dariyar barkwancinsu suke so, kuma wallahi abin nan yana min ciwo don haka muke gani, namiji in yana da raha a ce mai faran-faran ne, mace in ta yi a ce rawar kai gare ta, ba kamun kai, dangin miji ma su fara gutsiri tsoma.

Abba: Wannan kam haka ne Anti. Amma wani barkwancin ai cin fuska ne, ya tsokani hancinki ko girkinki gaban abokansa, in kin ɓata rai ya ce wasa yake.

Maman Ilham: Wannan ba raha ba ce Abba, wulaƙanci ne. Ni wadda nake nufi ita ce ku yi dariya tare ranar da gas ya ƙare ga baƙi a falo.

Anti Rabi: To ku maza ku amsa min, kun yarda ita ma ta tsokane ku ku yi dariya?