Ina ne wurin tattaki mai sauƙi a bakin kogi da zan iya kai yara a Saskatoon?

Maman Ilham:

Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema. Mun dawo Saskatoon ta ƙasar Kanada ƙarshen watan Oktoba, to kun san dai yadda sanyin nan yake, wata biyar cur yara suna kulle a gida daga talabijin sai waya har na fara jin tausayinsu. Yanzu da gari ya fara ɗumi ina so ranar Asabar mu riƙa fita muna ɗan tattaki a bakin kogi, ni da maigida da yara uku, babbar shekararta 9, mai bi mata 5, sai ƙaramin da ke cikin keken turawa, ga kuma surukata da ta zo mana ziyara gwiwa na damunta. Ban taɓa irin wannan yawon ba wlh, ko takalmin da ya dace ban sani ba. Ina ne babu hawa da gangara sosai? Kuma akwai abin tsoro ne a ciyawar nan, maƙwabciyata sai maganar kaska take min.

Baban Sadiq:

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da fitowa daga sanyi. Ai kin faɗo gari mai kyau, kogin South Saskatchewan ya ratsa tsakiyar garin ne kuma hanyar tafiya da ƙafa ta Meewasin na bin gaɓarsa ta ɓangare biyu, hukumar da ke kula da ita tun 1979 aka kafa ta, tsawonta in aka haɗa duka ya haura kilomita 80, amma kar wannan ya tsorata ki ba wanda ya ce sai kin gama, yanki kawai za ki ɗiba. Ranar farko ku ajiye mota a River Landing ku bi gaɓar yamma, ku wuce ta ƙarƙashin gadar Broadway, ku bi ta bayan otal ɗin Bessborough mai kama da fada, har ku iso Kinsmen Park. Kilomita 2 ne da ɗan ɗori, kwalta ce, keken yaro zai tafi sumul, ga benci nan da can inda Mama za ta riƙa hutar da gwiwa. A River Landing akwai wurin wasan ruwa na yara idan zafi ya shigo, a Kinsmen kuma akwai lilo da ɗan jirgin ƙasa, to kin ga farko da ƙarshe duk akwai abin lallashi. Kuma shiga hanyar kyauta ne, kuɗin fakin kawai idan cikin gari kika ajiye.

In sun saba sai ku gwada wajen ƙaramar madatsar ruwan nan da ke kan Spadina Crescent kusa da gadar jirgin ƙasa. Nan ne kwasakwasa ke taruwa daga bazara har kaka, manya farare masu dogon baki, sai ki ga ɗaya ta tsaya shiru a inda ruwan ke zubowa can sai ta tsoma baki ta kwaso kifi. Ɗana ya fi rabin awa manne da ƙarfen shingen wurin bai motsa ba, yaron da ko minti biyu ba ya iya zama. Gadar jirgin ma ana hawa da ƙafa amma matakala ce doguwa, Mama da keke su jira a ƙasa.

Ummu Hanan:

Duk abin da Baban Sadiq ya faɗa haka ne, amma ni abu ɗaya zan ja miki kunne a kai 'yar uwa, kogin nan na kallo ne ba na shiga ba. Daga sama za ki gan shi kwance kamar ba ya tafiya, ƙarƙashi kuwa ja yake, ga sanyi ko a watan Yuli, kuma yashin da ke fitowa a tsakiya kamar tsibiri ba tabbas gare shi ba, ki taka nan ruwa iya idon sawu ki ƙara taku ɗaya ki zurma. Ga shi yawan ruwan ma ba ruwan sama kaɗai ke juya shi ba, akwai babban dam na Gardiner can sama da ke sako shi. Dokar gari ma ta hana iyo a cikinsa a cikin birni. Ni mai shekara 5 ɗin nake ji, irin shekarun nan ne na "bari in ɗauko dutse in jefa", to hannunsa ya kasance a naki duk inda babu shinge.

Sai maganar cewa ƙasar nan shimfiɗe take kamar faranti, eh haka ne a saman, amma kogi ai a kwari yake. Ranar da muka je Cranberry Flats, kudu da gari kaɗan, mun bi hanyar katako har wurin hange lafiya lau, gwanin kyau, sai muka ce bari mu sauka bakin ruwa. Saukar ba wuya, dawowar ce aiki, rairayi ne ƙafa na nutsewa, maigida ya saɓa keke a kafaɗa ni na goya yarinya ina haki ina cewa wa ya aike ni. To da Mama ku tsaya iya katakon, ya ishe ku kallo.

Kaska kuwa maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, Mayu da Yuni ne lokacinta, a doguwar ciyawa take maƙalewa tana jiran mai wucewa. A kan kwalta da wuya ku haɗu da ita. In za ku shiga ciyawa a sa dogon wando mai haske a cusa ƙafarsa cikin safa, kar ki damu da kyan gani, da an dawo gida a duba bayan kunne da cikin gashi da hammata da bayan gwiwa. In kin samu ta kama, matsefata za ki sa ki kamo ta daf da fata ki jawo a hankali a miƙe, kar a murɗa, kar a ƙona ta da ashana ko a shafa mata mai. Irin kaskar da ta fi yawa a lardinmu na Saskatchewan ba ita ce mai ɗauke da cutar Laim ba, waccan mai baƙaƙen ƙafafu ta fi yawa a kudancin Manitoba, amma dai in wurin ya yi ja yana faɗaɗa ko zazzaɓi ya biyo baya a je a ga likita.

Malam Na-Winnipeg:

Hajiya ni ba a garinku nake ba amma yanayin duk ɗaya ne a yankin Fireri, wato shimfiɗaɗɗen filin ciyawar yammacin Kanada, iska da rana su ne abokan faɗa ba tudu ba. Babu inuwa a fili, iska na kaɗawa ba za ki ji kina gumi ba sai dai ki ga yara sun yi laushi, to ruwa ya fi abin da kike tsammani, da hula, da rigar sama ko da kin fito gari da zafi. Takalmi kar ki kashe kuɗi, kambas ɗin da kike da shi ya isa, silifas ne dai a'a. Kafin ku fita ki duba waya saboda hadarin yamma da ƙanƙara, da kuma hayaƙin gobarar daji, akwai ma'aunin ingancin iska daga 1 zuwa 10, in ya kai 7 ni dai ba na fita da tsoho ko jariri. Daɗin abin rana na daɗewa, a ƙarshen Yuni magariba a wajenku sai wajen tara da rabi, ko bayan aiki ma za ku iya fita, sai dai lokacin ne sauro ke cin kasuwarsa. In Allah ya kawo ku nan Winnipeg kuma ga The Forks inda kogin Red da Assiniboine suka haɗu, amma a tambaya tukuna don hanyar bakin ruwan kan nutse idan kogi ya cika.

Baban Sadiq:

Na manta, in yara ko Mama na tsoron kare ku kauce wa Chief Whitecap Park da Sutherland Beach, wuraren sakin karnuka ne babu igiya. Beaver Creek kuma akasin haka, ba a shiga da kare sam, kilomita 13 ne kudu da gari a kan Highway 219, hanyoyinsa gajeru ne na ƙasa, kuma akwai wasu 'yan tsuntsaye masu baƙin kai da ake ce wa cikadi, ki zuba 'yan ƙwayar sanfulawa a tafin hannu ki miƙa ki yi shiru, sai ki ji ɗan farce a yatsanki, ya ɗauki ɗaya ya tashi. Sai dai a duba lokacin buɗewa don suna rufe ƙofa. Wanuskewin kuma a arewa ana biyan kuɗin shiga, wurin tarihi ne na 'yan asalin ƙasar da ya haura shekara 6,000, a 2019 aka dawo da ɓaunar nan tasu mai doro, amma akwai gangara, ku bar shi sai ƙafa ta saba.

Maman Ilham:

Kai Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Asabar in sha Allahu River Landing za mu fara, Mama ta ce in dai akwai benci ta yarda. Anti Ummu Hanan matsefatar nan a kemis zan samu ko akwai wata ta musamman? Don babbar tun da ta ji maganar kaska ta ce ita a mota za ta zauna.

Ummu Hanan:

Ta kemis ma ta yi, mai siririn baki dai. Ki ce wa Ilham kan kwalta za ku bi, kuma ki nuna mata hoton kwasakwasa, za ki ga ta riga kowa sa takalmi.