Shawarwari ga Yahudawan Amurka masu auren wani addini

Abin da na tsinta ke nan a wata tattaunawa kan shawarwarin da ake ba Yahudawan Amurka masu auren wanda ba addininsu ɗaya ba. Irin wannan aure fa ya yi yawa, binciken cibiyar Pew ta Amurka na 2020 ya ce kashi 61 cikin 100 na waɗanda suka yi aure tun 2010 haka nasu yake. An fi nanata a nemi rabai, wato malamin addinin Yahudawa, tun kafin a sa rana, don malaman ɗariƙun Otodoks da Konsabatib ba sa ɗaura shi, na ɗariƙar Rifom dai da yawa suna yi. Maganar yara ce ta fi taɓa ni gaskiya, Rifom tun 1983 suna karɓar yaron da ubansa kaɗai ne Bayahude in an rene shi a addinin, Otodoks kuwa sai ta wajen uwa. Wasu sun ce a fara zuwa cin abincin daren Shabat, wato ranar hutun mako ta Yahudawa, a ga yadda jama'ar ke tarbar matar da ba Bayahudiya ba, ana jan ta hira ko ana barin ta a gefe.