Wa ke biyan ku, kuma yana kai ku ina? Albashin ma'aikatan asibiti a Kaduna

Ungozoma 'Yar Badarawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na haɗu da wata da muka yi makarantar ungozoma tare, a gidan biki a Unguwar Rimi. Tare muka gama. Ita tana asibitin tarayya, ni ina na jiha. Hira ta kai mu ga albashi, ta buɗe waya ta nuna min alat ɗinta na watan jiya, nan take shinkafar bikin ta fita raina. Ba zan faɗi adadi ba don amana ce, amma ratar da ke tsakaninmu ta isa kuɗin motata na wata guda har da canji. Haihuwa iri ɗaya muke karɓa, jini ɗaya muke sa hannu a ciki. To kowa ya faɗi nasa: wane aiki kake yi, wa ke biyan ka, kuma kuɗin na kai ka ranar nawa ga wata? Ba sai an kama sunan wurin aiki ba.

Akawun Albashi, Kawo:
Wa alaikumus salam Sista. Ni ba na taɓa mara lafiya, takardun kuɗinku nake taɓawa, shekara 14 ke nan. Tun 2009 aka raba ma'aikatan lafiya gida biyu. Likitoci da likitocin haƙori suna kan jadawalin albashi da ake kira CONMESS, mai hawa 7. Sauran kuwa, nas, ungozoma, masu haɗa magani, 'yan ɗakin gwaji, masu ɗaukar hoto, masu gashin ƙashi, suna kan CONHESS, mai hawa 15. Abin da mutane ke mantawa shi ne jadawalin na gwamnatin tarayya ne. Asibitin ido na hanyar Mando, na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa, na koyarwa na Shika, su ke cin sa kai tsaye. Jiha kuwa sai ta zauna da ƙungiyoyi ta ce ga abin da aljihunta zai ɗauka, kuma in tarayya ta yi ƙari, ba lallai ya sauko jiha a shekarar ba. Nan ratarki ta fito.

Sannan ku daina kwatanta alat da alat kawai. Ana cire kuɗin fansho (kashi 8 a tarayya), kashi 2.5 na asusun gidaje, ga haraji, ga kuɗin ƙungiya. Wata kuma ta ci bashin firji a ƙungiyar adashin ma'aikata, ta manta, ta zo tana yi min ihu a taga wai an yanke mata. Ku karɓi takardar albashinku ku karanta layi-layi.

Likita Mai Neman Ƙwarewa:
Bari in sa baki kafin a fara jifan mu, don na san nan aka dosa. Gaskiya ne, na fi nas ɗin da muka shiga aiki tare ɗauka. Amma ku duba me ke cikin kuɗin. Wani babban yanki nasa alawus ɗin kwanan asibiti ne. Sai in shiga da safe ranar Talata, ban ga ƙofar gidana ba sai azahar ɗin Laraba. Shekara 6 a jami'a, in yajin aikin malamai bai ƙara maka ba, shekara guda ta horo, shekara guda ta bautar ƙasa, sannan jarrabawar ƙwarewa da ake biya da kuɗi masu nauyi. Dangi kuwa da sun ji "Dakta" sun gama yanke hukunci, kowane suna da biki kai ne kan gaba a lissafi. Da yamma ina zama a wani ƙaramin asibitin kuɗi don in cike giɓi. 'Yan ajinmu kuwa ku tambayi Saudiyya da Ingila, can suke. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗari naira 5,000 ne ga kowa, har muka shiga korona da shi a 2020. Sai ƙarshen 2021 aka ɗaga shi a tarayya, ya koma tsakanin 15,000 da 40,000 gwargwadon matsayi.

Ɗan Ɗakin Gwaji, Kakuri:
Dakta, da girmanka, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Ni ma shekara 5 na yi, na yi shekarar horo, na yi bautar ƙasa, ina kwana a asibiti. Jinin da kake jira ƙarfe 2 na dare kafin ka shiga tiyata, wa ya gwada shi? Ba wanda ya ce a daidaita mu da ku. Abin da ya ƙona mana rai shi ne a 2014 an gyara CONMESS aka bar CONHESS a inda yake. A kan haka JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, ta tafi yajin aiki a 2018, daga tsakiyar Afrilu har ƙarshen Mayu, aka ce ba aiki ba biya, aka riƙe albashin wata biyu. Azumi ya kama a cikin yajin. Ni dai na san babur ɗina na sayar a lokacin.

Kuma wannan alawus ɗin haɗarin da ka ambata, tambayata ɗaya: tarin fuka yana duba takardar makaranta kafin ya kama mutum?

Likita Mai Neman Ƙwarewa:
Ba ya dubawa, Malam. A kan wannan ban da ta cewa. Allah ya mayar da alherin babur.

Malamin Asibitin Ƙauye:
Ku kuna faɗa a kan nama, mu romo muke nema. Ni CHEW ne, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, a asibitin sha-ka-tafi, can bayan Rigacikun, sai ka bar kwalta ka yi tafiya mai nisa. A garin "Likita" suke ce min, kuma ban hana su ba, don ni ne mai yanka kati, ni ne mai allura, ni ne rigakafi, in ungozomarmu ba ta nan ni ne mai karɓar haihuwa da fitilar waya. Mu na matakin farko mu ne ƙarshen layi a komai: ƙarin girma ya zo a takarda, kuɗinsa ya biyo baya da ƙafa. Da aka yi ƙarin kashi 25 a tarayya a 2023 mun ji a rediyo ne kamar kowa. A shekarar aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ni kuwa kullum babur nake bugawa. Albashina yakan kai ni wajen 18 ga wata. Daga nan sai masarar da na noma da kuma kajin da mutanen gari ke kawowa don godiya.

Akwai yara biyu da ke aikin sa-kai tare da mu, sun gama makarantar kiwon lafiya, suna zuwa kullum ba ko sisi, wai ko za a tuna da su ranar ɗaukar aiki. In na samu na ba su na sabulu.

Nas A Asibitin Kuɗi:
Anti 'Yar Badarawa, wallahi da za ki ba ni naki da kike kuka da shi, da gudu zan karɓa. Ina da rajista, shekarata 3 a wani asibiti mai zaman kansa a cikin gari. Babu CONHESS, babu mataki, babu fansho. Abin da kuka shirya da mai asibiti ranar da ya ɗauke ki, shi ne. Da Gwamna Uba Sani ya sanar da 72,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin jiha a ƙarshen 2024, muka je mu uku muka same shi a ofis. Ya saurare mu tsaf, ya ce dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, mu kuma mu 16 ne har da mai gadi. Ƙanena da ke bautar ƙasa yana karɓar 77,000, ya fi ni. In na yi dutin dare sati guda a jere, ladan shi ne "sannu Sista".

Akawun Albashi, Kawo:
Ƙanwata, abin takaicin shi ne a kan adadin nan bai yi miki ƙarya ba, haka dokar take. Ki dai matsa ya ba ki takardar ɗaukar aiki a rubuce. Ranar da za ki nemi na gwamnati ita za ta nuna shekarun da kika yi.

Ɗiyar Mai Shara, Rigasa:
Ni ba ma'aikaciya ba ce, na rubuta ne a madadin Innarmu, tana zaune kusa da ni. Shekararta 9 tana goge ɗakin haihuwa da na yara a wani babban asibiti. Amma a takarda ba ma'aikaciyar asibitin ba ce, ta ɗan kwangila ce, shi ake ba kuɗin shara ya biya su. Abin da take samu bai kai rabin wancan 72,000 ɗin ba, kuma yakan yi wata biyu bai zo ba. In sun yi magana a asibiti a ce su je wurin kamfaninsu, kamfani ya ce asibiti bai sake kuɗi ba. Keke biyu take hawa kafin ta isa, in babu ta taka daga Bakin Ruwa. Bara allura ta soke ta a cikin kwandon shara, wata Sista mai kirki ce ta kai ta aka yi mata gwaji aka ba ta magani. Alawus ɗin haɗarin da kuke ta lissafi, yau ta fara jin sunansa. Ta ce in tambaya, su ma akwai nasu ne ba a ba su, ko dama babu?

Akawun Albashi, Kawo:
Ki gaishe da Inna. Babu sunanta a jadawalin da ke gabana, don haka ta nan babu. Sai dai abin da aka rubuta a yarjejeniyar ɗan kwangilar, ita kuwa ko ni ban taɓa ganin ta ba.

Ungozoma 'Yar Badarawa:
Inna, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Baba da ke goge mana ɗaki shekararmu 6 tare, ban taɓa tambayar ta wa ke biyan ta ba. Yau ina dutin dare, zan tambaye ta.

Ƙanwata ta asibitin kuɗi, ki turo min saƙo ta gefe. Kuma duk wanda ya ji an buɗe ɗaukar ma'aikata a na tarayya ya taɓa mu mu biyu, ni takarduna suna cikin jaka tun ranar Lahadi.