Neman shawara: gudawar yarona ta koma jini da majina

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Yarona ɗan shekara 2 da wata 4 ya fara gudawa da zazzaɓi shekaranjiya. Jiya ruwan ya ragu, har na ce sauƙi ya samu, sai ga majina da jini a ciki. Yana ta yunƙuri yana kuka, abin da ke fita bai fi cokali ba, amma daga asuba zuwa yanzu sau 9. Kakarsa ta ce haƙori ne. Mai kemis kuma ya ba ni Flagyl da maganin tsayar da gudawa, ban dai ba shi ba tukuna. Me ke kawo jinin nan? In ba shi maganin?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba shi lafiya. Na raini yara bakwai, ban taɓa ganin haƙori ya fitar da jini ta ƙasa ba. Atuni ne wannan. Ki lallaɓi kakarsa da girmamawa, amma ki goya shi ku tafi asibiti yau.

Anti Nas:
Maman Abba, kin yi dabara da ba ki ba shi ba. Maganin tsayar da gudawa hana hanji motsi yake yi, sai ƙwayar cutar ta samu wurin zama. Ba a ba ƙaramin yaro shi, balle mai zubar da jini.

A irin shekarunsa, abin da ya fi kawo wannan ita ce ƙwayar bakteriya da ake kira Shigella, sunan likitan Japan Kiyoshi Shiga da ya gano ta a 1897. Ba a cikin hanji take tsayawa ba, bangonsa take hudawa. A jikin babban hanji akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu ɗaukar abin da ke wucewa su miƙa wa garkuwar jiki ta duba. To ta wannan ƙofar take shiga. Dakarun garkuwa da ke gadi a ƙasa su haɗiye ta, ita kuma ta kashe su daga ciki ta fito, ta faɗa cikin ƙwayoyin shimfiɗar hanjin, tana hayayyafa tana tsallakawa daga wannan zuwa na kusa da shi ba tare da ta leƙo waje ba.

Mutuwar masu gadin nan ita ke tayar da ƙararrawa. Zazzaɓi ya tashi, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi zuwa wurin. Su ne ke cin ƙarfinta a ƙarshe, amma wajen kutsawa suna yaga bangon hanjin, ya kumbura, ya yi ƙananan gyambuna. Jinin da kike gani daga gyambon ne, majinar kuma har da mugunya a ciki. Da yake kumburin can ƙasa yake kusa da dubura, yaro ji yake kamar akwai kashi alhali babu, shi ya sa yake ta yunƙuri.

Flagyl maganin atunin amiba ne, wata ƙwayar cuta daban, ba ya kashe Shigella. Hukumar Lafiya ta Duniya ciprofloxacin ta sa a gaba ga gudawa mai jini, amma likita ne zai auna nauyin yaron ya rubuta, don ƙwayar ta fara bijire wa magunguna da dama.

Uwar 'Yan Biyu:
Anti, ni tsorona kada ya zama kwalara, tunda damina ce.

Anti Nas:
Alamun ba su yi kama ba. Ƙwayar kwalara ba ta huda bango. Manne wa ƙaramin hanji take yi ta saki guba, gubar ta sa hanjin ya riƙa kwararo da ruwa da gishiri. Shi ya sa kashinta fari ne kamar ruwan wankin shinkafa, da yawa, galibi ba jini ba zazzaɓi.

Maman Abba, kafin ku isa asibiti ki jiƙa fakitin ORS (haɗin gishiri da sukari) ɗaya a lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Ki tambayi ma'aikatan asibiti maganin zinki, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14. Kada ki hana shi abinci, ko kunu ne ya sha. In kin ga idonsa ya faɗa, ya kasa sha, fitsari ya ɗauke, ko ya fara jijjiga, ki faɗa musu tun daga ƙofa, kada ki bi layi.

Baban Ikilima:
Ki kula da sauran yaran gidan. Ƙwayoyin cutar 10 zuwa 100 kacal sun isa su kwantar da mutum, kuma ta hannu da ƙuda take yawo. A wanke hannu da sabulu bayan an yi masa tsarki, a zubar da fo ɗinsa a masai nan take.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa kakarsa bayanin Anti, ta ce ita ma za ta raka mu. Na jiƙa ORS ya sha rabin kofi, babansa ya fita neman adaidaita.