Taba naɗin ganye a ƙofar gida da daren hunturu

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Kawuna yana shan tabar nan mai kauri, naɗin ganye irin ta Kuba. Inna ta hana shi sha a ɗaki saboda jikoki, sai ya riƙa zama a dakali bayan isha'i, cikin wannan sanyi na Katsina. Ƙwaya ɗaya kan kai shi kusan awa guda. Yanzu ganyen fashewa yake, wutar tana mutuwa, ga tari har asuba. Ya ce tabar ce ke ɗumama shi. Tarin ne ya fi damuna, me zan yi?

Mai shago a Daura: Wa alaikumus salam. Fashewar, iskar hunturu ce. Wannan taba tana son laima kusan kashi 70 cikin ɗari, mu kuwa yanzu ko leɓe tsagewa yake. Masu ita a rufaffen akwati mai danshi suke ajiye ta.

Ma'aikaciyar jinya: Ɗan'uwa, bar batun ganye. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa yatsun mai sha ke ƙara sanyi, ɗumin nan yaudara ne. Babbar ƙwaya ɗaya ta naɗin ganyen tana iya ɗaukar taba kamar ta kwalin sigari guda. Ga ƙura, ga hayaƙi, ga shekaru. In tarin ya wuce mako biyu, a kai Kawu asibiti a gwada majinarsa, kada a tsaya kan zuma da citta kawai.

Baba Ƙofar Soro: Yaro, kar ka yi masa faɗa, ba zai ji ba. Nemo sa'ansa da yake jin kunya, su je asibitin tare.